Tantanin maiƙo da ke jikinmu da dafin maciji: abin da masana suka gano



Kowace shekara, daga faɗuwar damana har zuwa ƙarshen kaka, macizai suna saran mutane a karkara. Wani yana cikin noma, wani yana ɗaukar damin hatsi, wani ya fita da dare ba fitila. Kowa ya san abin da ke biyo baya: zafi mai tsanani, kumburi, zubar jini. Wani lokaci nama ya ruɓe har a yanke ƙafa ko hannu. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 kowace shekara a duniya. Waɗanda suke rayuwa da nakasa sun ninka haka wajen sau uku. Mafi yawansu mutanen ƙauye ne, masu ci da guminsu.

To, mi dafin ke yi cikin jiki har nama ya lalace haka? Amsar tana ga wani abu ɗan mitsitsi da ido ba ya gani. Masana kimiyya sun daɗe suna bincike a kansa. Cikin shekarun baya-bayan nan binciken ya kai su ga wani magani da ake gwadawa. Ga bayanin dalla-dalla.

Jikinmu gari ne mai ɗakuna da yawa

Jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, an gina su da ƴan ƙananan abubuwa da ake ce ma ƙwayoyin halitta. Ba a ganin su sai da madubin likita mai ƙara girman abu. A jikin babban mutum guda akwai wajen miliyar dubu 30 daga cikinsu. Nama, jini, fata, hanta, ƙwaƙwalwa, duka da su aka yi.

Kowace ƙwaya kamar ɗaki take. Ɗaki kuwa ba ya zama ɗaki sai da bango. Bangon ƙwayar halitta ba na laka ba ne, ba na kara ba ne. Tantani ne na maiƙo, ɗan'uwan man gujiya da man shanu. Siririntarsa ta wuce misali. Sai an jera wajen 10,000 bisa juna kafin su kai kaurin takarda guda.

Duk da haka aikinsa babba ne. Shi ke riƙe abin da ke cikin ƙwaya kada ya zube. Shi ke tare abin da ke waje kada ya kutsa. A jikinsa akwai ƴan ƙofofi da abinci da gishiri ke bi su shiga, dauɗa kuma ta fita. Idan tantanin nan ya yage, ƙwaya ta mutu. Idan ƙwayoyi da yawa suka mutu wuri guda, shi ne muke ganin nama ya yi baƙi ya ruɓe.

Kai ɗaya, wutsiya biyu

Kowa ya san mai da ruwa ba sa haɗuwa. Jikinmu kuma mafi yawansa ruwa ne. To ƙaƙa maiƙo ke zama bango a tsakiyar ruwa?

Maiƙon tantani yana da wata siffa ta daban. Masana suna ce da shi fosfolifid. Kowane ɗaya yana da kai guda da wutsiya biyu. Kan yana son ruwa. Wutsiyoyin suna gudun ruwa. Saboda haka suna jeruwa layi biyu. Ku kwatanta da garken tumaki biyu da suka juya ma juna baya, kowane garke yana shan ruwa ta gefensa. Kawunan layi ɗaya suna duban ruwan da ke cikin ƙwaya. Kawunan layi na biyu suna duban ruwan da ke waje. Wutsiyoyin duka sun haɗu a tsakiya, inda ruwa ba ya kaiwa.

Irin wannan maiƙo yana da yawa cikin gwaiduwar ƙwai. A can ne ma wani masani Bafaranshe, Tewodor Gobile, ya fara gano shi wajen shekarar 1846.

Yadda aka gane sirrin tantani

A shekarar 1925, masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka yi wani gwaji mai hikima. Suka ɗebi jinin mutum da na dabbobi kamar tunkiya da akuya da kare. Suka cire maiƙon da ke jikin jajayen ƙwayoyin jinin. Suka baza shi bisa ruwa, suka auna faɗin wurin da ya rufe. Sai suka ce ya kai ninki biyu na faɗin bayan ƙwayoyin. Daga nan suka fahimci cewa tantanin ruɓi biyu ne.

A shekarar 1972, wasu masana biyu a Amurka, Singer da Nikolson, suka ƙara haske. Suka bayyana cewa tantanin ba a sandare yake ba. Maiƙon yana motsi kullum, yana canza wuri, kamar dabbobi cikin garke. Ƙofofin kuma suna yawo a cikinsa.

Daga baya aka sami na'urori masu auna abu komi ƙanƙantarsa. Da su aka gano cewa maiƙon da ke cikin ƙwaya guda ba iri ɗaya ba ne. Ya fi iri 1,000. Kuma layin ciki ya bambanta da layin waje. Akwai wani iri da ke ɓoye a layin ciki muddin ƙwaya tana da lafiya. Idan ta tashi mutuwa, sai ya juyo waje. Wannan alama ce ga ƙwayoyin da ke share jiki cewa su zo su ɗauke ta. Idan mutum ya ji rauni, irin wannan maiƙo ne ke fitowa bisa wasu ƙwayoyin jini, ya taimaka ma jini ya daskare. Ashe tantani ba bango kaɗai ba ne. Har saƙo yana aikawa.

Sa ma maiƙo shaida

Matsalar masu bincike ita ce wannan: ƙaƙa za a bi sawun maiƙo iri guda cikin dubu, alhali ƙwaya tana raye? Makiyayi ya san dabarar. Idan yana son ya gane dabbarsa cikin babban garke, sai ya sa mata shaida.

Masana haɗa sinadarai sun samo irin wannan dabara. Suna ba ƙwaya wani ɗan abu mai kama da abincinta, amma da ɗan ƙugiya a jikinsa. Ƙwaya ta ɗauka ta gina maiƙonta da shi. Daga baya su kawo wani sinadari mai ƙyalli, wanda ba ya maƙalewa ko'ina sai ga ƙugiyar nan. Da an duba cikin madubi sai a ga inda maiƙon yake, da inda ya nufa.

A shekarar 2022 aka ba masana uku babbar kyautar Nobel saboda wannan hanya ta maƙala sinadarai: Karolin Bertozi da Bari Shafles na Amurka, da Morten Meldal na Danmak. Ita Bertozi ta yi aiki da hanyar a kan sukarin da ke bayan ƙwayoyi masu rai. Wasu masana, kamar na jami'ar Kornel a Amurka, sun yi aiki da ita a kan maiƙon tantani. Yanzu ana iya ganin wurin da ake sarrafa wani maiƙo cikin ƙwaya, da lokacin da ake yi. Irin wannan ilimi yana taimakawa a fahimci cututtuka da yawa, domin abubuwa masu cutarwa da dama ta kan tantani suke fara ɓarna. Dafin maciji yana cikinsu.

Almakashin da ke cikin dafi

Dafin maciji ba abu guda ba ne. Haɗi ne na guba iri-iri. Ɗaya daga cikinsu ana samun ta a dafin mafi yawan macizai masu kisa. Masana suna taƙaita sunanta su ce PLA2. Mu ce da ita almakashin dafi, domin aikinta ke nan.

Idan ta isa ga tantani, sai ta kama ɗan maiƙo ta datse masa wutsiya guda. Ta sake shi ta kama wani. Ba ta gajiya, ba ta ƙarewa da wuri. Daga wannan yanka ɓarna biyu ke fitowa.

Ta farko: maiƙon da ya rage da wutsiya guda ba ya jeruwa daidai. Halinsa ya koma irin na sabuni, wanda shi ma kai guda da wutsiya guda gare shi. Kun san yadda sabuni ke narkar da maiƙon tukunya. Hakanan wannan ke raunana tantani har ya yi kafa. Abin ciki ya tsiyaye, na waje ya kwararo, ƙwaya ta mutu.

Ta biyu: wutsiyar da aka datse ba ta zama banza. Jiki yana juya wani irinta ya zama sinadaran da ke kawo zafi da kumburi.

Dangin wannan almakashi suna da yawa. Wasu suna lalata tsoka. Wasu suna hana jini daskarewa. Wasu suna kama jijiyoyi har mutum ya kasa numfashi. Akwai irinsa a dafin zuma. Abin mamaki, mu ma muna da namu: a cikin hanjinmu yana taimakawa wajen narkar da abinci mai maiƙo. Amma namu yana aiki a wurinsa da gwargwadonsa. Na maciji kuwa makami ne.

Gamsheƙa da kububuwa ba ɗaya ba ne

A yankinmu, macizan da suka fi cutar da mutane sun haɗa da kububuwa, da kasa, da gamsheƙa mai fesa dafi.

Saran gamsheƙa mai feshi an san shi da ruɓar da fata da nama. A shekarar 2021, masana da suka haɗa da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, a Ingila, suka nuna wani abu. Macizai masu feshi suna da almakashin nan da yawa cikin dafinsu. Yana haɗa kai da wata guba ta biyu mai huda tantani. Haɗuwarsu ce ke sa zafin ya tsananta, musamman idan dafin ya shiga ido.

Kububuwa kuwa babbar ɓarnarta a jini take. Dafinta yana da almakashin maiƙo, amma yana da wani makami na daban da ya fi shi ƙarfi. Shi wannan yana yanka bangon hanyoyin jini, yana kuma ƙarar da abin da ke sa jini ya daskare. Shi ya sa wanda ta sara yakan zubar da jini ta dasashi, ko ta fitsari, ko ta tsohon rauni. Wani lokaci mutum yana jin kamar ya samu sauƙi, alhali jini yana zuba a ciki. A lura da wannan ƙwarai.

Maganin da ake da shi yanzu

Maganin dafi na gaskiya shi ne allurar da ake yi a gidan likita. Tun wajen 1895 aka fara yin ta, bayan aikin wani likita Bafaranshe, Alber Kalmet. Ana ba doki ko tunkiya dafi kaɗan kaɗan, har jininsu ya koyi yaƙi da shi. Sai a ɗebi jinin, a tace, a fitar da maganin. Wannan allura ta ceci rayuka masu yawa. Har yanzu ita ce madogara.

Amma tana da iyaka. Tana da tsada. Sai ta jijiya ake sa ta, a hannun ma'aikacin lafiya. Dole ta dace da irin macizan yankin. Kuma ba ta iya mai da naman da ya riga ya mutu. Almakashi yana fara aiki tun daga lokacin sara, alhali gidan likita yana iya zama tafiyar awa da yawa. Don haka masana suke neman wani magani da za a iya ba mutum tun a hanya.

Maganin da ake gwadawa

Akwai wani magani mai suna barespiladib. Ba don maciji aka yi shi ba. An haɗa shi ne don ya toshe irin almakashin da ke jikin ɗan Adam, da fatan ya rage kumburi. An gwada shi ga masu ciwon zuciya, bai yi anfani ba, aka tsai da gwajin a 2012.

A shekarar 2016, wani likita a Amurka, Matiyu Lewin, da abokan aikinsa suka gwada shi a kan dafin macizai iri 28 daga sassan duniya. Suka ga yana toshe almakashin dafi da ƙarfi. Yana shiga bakin almakashin, wurin da maiƙo ya kamata ya shiga, ya cika shi. Kamar dai a cusa tsinke tsakanin baƙaƙen almakashi ne, ya kasa rufewa.

A 2020, masanan Libaful suka haɗa shi da wani magani mai toshe makamin da ke yanka hanyoyin jini. Haɗin biyun ya ceci ɓerayen gwaji daga dafin macizai dangin kububuwa da kasa. Wannan ya nuna cewa ga irin waɗannan macizai, magani guda ba ya wadatarwa.

A 2024, masanan Ingila suka gwada shi a kan dafin gamsheƙa mai feshi ta Afirka. Da aka sa shi a wurin da dafin ya shiga, ya rage ruɓewar fata ƙwarai ga ɓeraye.

An kuma gwada shi ga mutane. Kusan mutum 100 da maciji ya sara, a Indiya da Amurka, suka shiga gwajin. Dukansu sun sami kulawar likita da aka saba. Sannan aka ba rabi ƙwayar maganin, aka ba rabi ƙwaya marar magani. Sakamakon ya fito a 2024. Da aka duba jimillar mutanen, ba a ga bambanci a fili ba. Amma ga waɗanda suka sha maganin kafin awa 5 da sara, an ga alamar sauƙi.

Abin da za mu riƙe shi ne: wannan magani na gwaji ne. Ɓera ba mutum ba ne, kuma alama ba tabbaci ba ce. Idan wani ya tallata maku ƙwaya a kasuwa ya ce ita ce sabon maganin dafi, kada ku saya. Amma gwajin ya ƙara jaddada abin da likitoci suka daɗe suna faɗa: a saran maciji, lokaci shi ne rai.

Abin da za a yi idan maciji ya sari mutum

1. A janye shi daga wurin. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin.
2. A kwantar masa da hankali. Kada ya yi gudu, domin motsi yana yaɗa dafi.
3. A cire zobe, da munduwa, da duk abin da ke matse wurin, tun kafin ya kumbura.
4. A ɗaura ma ƙafar ko hannun sanda, kamar yadda ake ma karaya, don kada ya motsa. Kada a matse.
5. A ɗauke shi da moto ko amalanke zuwa gidan likita nan take, ko da bai ji ciwo sosai ba.
6. Idan yana amai ko yana suma, a kwantar da shi bisa gefen hagu.
7. Idan dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, a daɗe ana wankewa, sannan a tafi likita.

A gidan likita sukan ɗebi jini kaɗan su zuba cikin ƴar kwalba busassa, su jira minti 20. Idan bai daskare ba, sun san dafi ya shiga jini, allura ta wajaba.

Abin da ba za a yi ba

1. Kada a ɗaure ƙafa ko hannu tamau da igiya ko roba. Ɗaurin yana hana jini gudu, nama ya ƙara mutuwa.
2. Kada a tsaga wurin. Idan kububuwa ce, jinin ba zai tsaya ba.
3. Kada a tsotse da baki. Dafin ya riga ya shige cikin nama.
4. Kada a dogara da baƙin dutse, ko shafe-shafe, ko jiƙo. Ba sa fitar da dafi. Lokaci kawai suke ci.
5. Kada a ba shi asfirin ko danginta, kamar ibufurofen da dikilofenak. Suna rage zafi, amma suna ƙara zubar jini. Idan zafi ya yi yawa, parasetamol ya fi dacewa.

Wani zai ce: ai wane an yi masa na gida ya warke. Gaskiya ne hakan yana faruwa. Dalili shi ne, ba kowane maciji ke da dafi mai kisa ba. Kuma mai dafin ma wani lokaci yana sara bai zuba dafi ba. Amma babu mai iya rarrabewa da ido tun da farko. Ma'aikacin lafiya ne zai tantance.

Rigakafi

A sa takalmi mai rufe ƙafa lokacin noma da girbi. A taɓa dami ko tarin kara da sanda kafin a ɗauka. Kada a cusa hannu cikin rami ko kogon itace. A riƙe fitila idan za a fita da dare. A share ciyawa da tarkace kewayen gida da rumbu, domin inda ɓera ya taru, maciji yana biye. A kwana cikin sange, wato gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Yana kare mutum daga sauro, yana kuma kare shi daga maciji. A koya ma yara masu kiwo da masu ɗebo itace waɗannan ƙa'idodi.

Yana da kyau kowane ƙauye ya shirya tun kafin damana. A tambayi ma'aikatan lafiya wane gidan likita ne mafi kusa da ke da allurar dafi. A san mai moton da za a kira ko da tsakar dare. Idan akwai asusun ƙungiya, a ware wani abu saboda irin wannan rana.

A shekarar 2017 OMS ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A 2019 ta tsara shirin rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. Masana suna nasu ƙoƙari a ɗakunan bincike. Namu ƙoƙarin shi ne mu kiyaye, mu kuma gaggauta kai wanda aka sara likita.

Mai karatu, ka karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku tattauna a ajin yaƙi da jahilci, da majalisa, da bakin rijiya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu da iyalanmu.